Ƙusar Milud a Bangon Si Buziyan

A ɗakin kulob ɗinmu na ƙwallon zari-ruga, can bayan tashar jirgin ƙasa ta Wujda a ƙasar Maroko, akwai jajayen riguna goma sha ɗaya a rataye a bango. A tsakiyarsu akwai ƙusa guda da ta yi shekara ashirin da uku ba a rataya mata komai ba. A ƙasanta an rubuta da farin fenti: Milud, lamba uku. A da, duk baƙon da ya shigo sai ya rage murya ya tambaya ko mai ƙusar rasuwa ya yi. Ina fa! Ga shi can bakin kasuwa yana yanka karane, ƙato ya cika rumfa, yana dariya da haƙoran da aka dasa masa a Faransa.

Milud ɗan Si Kuwaidar ne mai karane, wannan gasasshen ƙullun wake da muke cusawa a burodi mu barbaɗa yaji. Tun yana shekara goma shi ke ɗauko farantin ƙarfe daga gidan gashi zuwa rumfar ubansa, a ka, da zafinsa, sau shida a rana. Kafin ya kai sha biyar wuyansa ya haɗe da kafaɗunsa, ba ka sanin inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara.

Wata rana tasi ta mace a gaban rumfar. Maza uku suka yi ta nishi a bayanta, ko gezau. Milud ya sauke faranti, ya sa kafaɗa, motar ta tafi har direban yana ihu a dakata. A cikin masu cin karane a ranar akwai Si Buziyan, ma'aikacin jirgin ƙasa, ɗan siririn mutum mai usur a wuya, wanda shi ne kocin kulob ɗinmu tun kafin a haifi rabinmu. Ya ajiye burodinsa.

"Si Kuwaidar, wannan wuyan na wane ne?"

"Na ɗana ne. Ko saye za ka yi?"

"Aro nake so. Talata da Alhamis, bayan la'asar."

"To wa zai ɗauko min faranti?"

"Zan dawo maka da shi yana ɗaukar biyu."

Uwarsa Lalla Yamina ce kaɗai ta tayar da ƙayar baya, don ta taɓa ganin kunnuwan yaran Si Buziyan, duk sun kumbura sun murɗe kamar soyayyen ƙosai. Ta aika masa cewa kunnuwan ɗanta irin na mutane ne, kuma haka take so a dawo mata da su. Si Buziyan ya ce in sha Allahu. Ba a dawo mata da su ba.

Ginshiƙi aka yi Milud. In alƙalin wasa ya ce a yi turereniya, ƙarti takwas ne ke duƙawa su sarƙe da takwas na can, kowane ɓangare yana tura ɗaya don a ci ƙwallo, kuma duk nauyin a wuyan ukun da ke sahun gaba yake sauka. Na gefe biyun nan su ne ginshiƙai. Ba a tafa musu, ba a ɗaukar hotonsu, yawancinsu sai su gama wasa ba su taɓa ƙwallo sau uku ba. Milud bai damu ba. Shi dai a ba shi mutum ya tura.

Darasi ɗaya Si Buziyan yake da shi ga ginshiƙai, kuma da naɗaɗɗiyar jarida yake koyar da shi. "Kai sama da ƙugu!" Fau, a ƙeya. "Kai sama da ƙugu, 'ya'yan banza! Duk wanda ya sunkuyar da kai ƙasa da ƙugunsa ya ba makabarta adireshinsa." Ba wasa yake ba. Yana saurayi ya ga an fitar da amininsa daga fili a kan ƙyauren ƙofa, kuma mutumin bai ƙara taka ƙasa da ƙafarsa ba. Duk wanda ya karya wannan doka, wata guda ba wasa, sai wankin rigunan 'yan'uwa. Shekara shida Milud bai karya ta ko sau ɗaya ba. Har ya zama shi ne abin misali. "Ku dubi Milud. Kansa ba komai a ciki, amma ya san inda zai ajiye shi." Milud kuwa sai ya ji kamar an naɗa shi sarki.

Abokinsa Mimun, mai lamba tara, ɗan tsurut ne da baki ba ya hutawa. Shi ke jefa ƙwallo cikin turereniya, sannan ya tsaya a gefe yana zagin ƙartin da ke kare shi. "Tura mana, buhun wake! Kakata ta fi ka ƙarfi, ita da take azumin nafila!"

Ga al'adar kulob ɗinmu. Ranar da takarda ta zo an kira ɗanmu ya buga wa ƙasa, Si Buziyan zai ɗauko gudumarsa ya kafa ƙusa a bango, a rubuta suna. In yaro ya dawo, zai kawo rigarsa ta wasan farko, yadda ya cire ta daga jiki, ba wanki, ya rataya da hannunsa, sannan a ci kuskus. Ba wanda ya san wa ya fara, kuma ba wanda ya taɓa saɓawa.

Takardar Milud ta zo yana da shekara ashirin da ɗaya. Si Buziyan ya kafa ƙusa da bugu uku, ya juyo.

"Ta farko, ɗana. Da lakarta da jininta. Kar ka bari ko raɓa ta taɓa ta."

"An gama, Si Buziyan."

A Kasablanka aka yi wasan, da 'yan Kwaddibuwa, ana tafka ruwa. Ginshiƙin da ya fuskanci Milud wani ne mai lamba ɗaya, rigarsa ruwan lemo, ana kiransa Zadi. Mutum ne mai fara'a, abin haushi. Duk sanda za su duƙa sai ya yi murmushi ya ce, "Sannu da aiki, ɗan'uwa," sannan ya tura Milud baya kamar keken ɗinki. Milud bai taɓa sanin ana iya tura shi ba. Tun yana mamaki har ya fara tafasa. Saura minti goma a tashi, zuciya ta ɗebe shi, ya ce bari ya shiga ta ƙarƙashin ƙirjin mutumin nan ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Ya sunkuyar da kai ƙasa da ƙugu.

Ƙafarsa ta zame a laka. Turereniya ta rufta, haɓarsa ta manne a ƙirji, nauyin ƙarti goma sha biyar ya taho a kan wuyansa. Ya ji wani abu ya fara miƙewa a bayan ƙeyarsa, ya ga duhu, ya fara salati. Sai ya ji nauyin ya tsaya. Zadi ne ya kafa gwiwa da hannu ɗaya a ƙasa, ya ƙanƙare baya a samansa, yana kurma wa nasa mutanen ihu su daina turawa. Haka ya riƙe har aka busa usur, aka zame mutane ɗaya bayan ɗaya. Milud ya tashi, ya juya wuya hagu da dama, lafiya lau. Zadi ya ɗan jima kafin ya miƙe.

Da aka tashi wasa, Zadi ya taho yana dafe da ƙugu, ya cire rigarsa ya miƙa. Wannan ma al'ada ce, duk inda ake zari-ruga a duniya: wanda kuka gwabza da shi, in ya ga ka isa, sai ku yi musayar riga. Milud ko numfashi bai ja ba ya tuɓe tasa ya ba shi. A wajen cin abinci, inda ƙungiyoyin biyu ke zama tare, ya lura Zadi a tsaye yake cin nasa. Ya ɗauka ɗabi'arsu ce a can.

Sai da jirgin ƙasa ya wuce Taza, Milud yana gyangyaɗi, sannan ƙusa ta faɗo masa a rai. Ya zabura ya buɗe jaka. Ruwan lemo. Ya rufe, ya sake buɗewa, ko za ta canza. Ba ta canza ba.

A Wujda an cika tasha, mata na guɗa, Mimun ya hau kafaɗar wani yana waƙa. Aka rako shi har ɗakin kulob, inda kuskus ke jira. Si Buziyan ya tsaya gefen ƙusa ya ce bismillah. Milud ya zaro rigar.

Si Buziyan ya dubi rigar, ya dubi Milud.

"Maroko ta canza tuta ne ban ji a rediyo ba?"

"Musaya muka yi, Si Buziyan."

"Musaya. Bindiga aka sa maka?"

Nan ne fa. Da Milud ya buɗe baki ya faɗi abin da ya faru, da an wuce wurin a ranar. Amma wasan ba a nuna shi a talabijin ba, ba ɗan Wujda ko ɗaya da ya gani, kuma faɗin gaskiya na nufin ya tsaya a gaban dukan ginshiƙan kulob ya ce shi Milud, abin misali, ya sunkuyar da kai. Ya kasa. Kunya ta fi wuyansa ƙarfi. Ya dubi ƙasa ya ce, "Al'ada ce."

"Al'ada ce," in ji Si Buziyan a hankali. "Mu kuma tamu shara ce." Ya ɗauki hularsa ya fita. Mimun ya ce tunda kuskus bai yi laifi ba a ci shi, aka ci, amma Milud ko loma uku bai yi ba.

Bayan shekara biyu wani kulob a kudancin Faransa ya ɗauke shi. Ƙaramin gari ne, shanunsu sun fi mutanensu yawa, amma ranar Lahadi kowa yana filin wasa har da limamin cocinsu. Can Milud ya zama ɗan wasan albashi. Ya yi shekara biyar a nan, ya yi huɗu a wani kulob mafi girma inda suka hau rukuni na sama suka sauko a shekara ɗaya, ya ƙarasa huɗu a wani gari na bakin teku. Mahautan garuruwan uku duk sun san shi, tsofaffin mata suna tsayar da shi a hanya su taɓa damtsensa. Ya bar haƙora huɗu a filaye daban-daban. A shekara goma sha uku sau biyu ya taɓa dire ƙwallo a bayan layi ya ci maki, kuma Mimun ya rantse na biyun faɗuwa ya yi ƙwallon tana ƙarƙashinsa. Milud ya auri 'yar garin Barkan, suka haifi 'yan mata uku, ya gina wa iyayensa bene.

Ƙasa kuwa duk sanda ta kira shi sai ya zo, ko da kulob ɗinsa zai ɓata rai. Sau talatin da ɗaya ya sa jar riga. Ya buga a Tunis, ya buga a Dakar, ya buga a Nairobi inda numfashi ya gagare shi, ya buga a Windhoek inda aka lallasa su har ya daina duban allon maki. Sau shida shi ne kyaftin. Kansa kuma bai ƙara sauka ƙasa da ƙugu ba, ko a mafarki.

Kowace bazara in ya zo hutu sai ya je wa Si Buziyan da riga. Ya kai ta biyu, ya kai ta goma, ya kai wadda ya fara kyaftin da ita. Tsohon zai karɓi tsarabar turare, ya tambayi iyali, ya zuba masa shayi da hannunsa, sannan ya tura rigar gefe.

"Ta farko, ɗana."

"Si Buziyan, wannan fa da ita muka ci kofi."

"Allah ya sanya albarka. Ta farko."

Ba gaba suke ba, a'a. Amma tun daga ranar nan Si Buziyan bai ƙara ce wa yaro "dubi Milud" ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Wata shekara Mimun ya kawo dabara. Suka samo tsohuwar jar riga mai lamba uku, Mimun ya kai ta bayan fili ya tumurmusa ta a laka, ya ɗiga mata jinin kaza, suka shanya ta kwana biyu. Milud ya kai ta yana gumi. Si Buziyan ya karɓa, ya kai hanci, ya shaƙa sau ɗaya.

"Ƙasar filinmu ce. Shekara arba'in ina kankare ta daga takalmina. Ka gaishe da Mimun, ka ce masa kazar ma ta gidan surukarsa ce."

Neman Zadi kuwa, Milud ya yi shi har ya gaji. Duk ɗan Kwaddibuwa da ya haɗu da shi a Faransa sai ya tare shi. Wannan ya ce Zadi nawa ne a Abidjan, wancan ya ce ai ya ji mutumin ya daina wasa tuntuni. Ya rubuta wasiƙu biyu, ba amsa. Rigar ruwan lemo kuwa Si Kuwaidar ya gan ta a jaka ya ce kaya mai kauri haka ba a barinsa asara. Shekara goma sha biyar yana sa ta a rumfa duk lokacin sanyi, Lalla Yamina tana wanke ta duk Asabar. Da Allah ya yi masa rasuwa, Milud ya riga ya ajiye takalmi ya dawo gida, sai ya gaji rumfar, ya gaji rigar.

Bara Si Buziyan ya cika tamanin, ido ya yi rauni, ya ce ya gaji. Ya sa ranar Juma'ar da zai miƙa mabuɗi da guduma ga sabon koci, sannan ya ƙara da magana ɗaya. Ya ce ba zai bar wa magajinsa ƙusa tsirara ba. In ranar ta zo ba riga, da kansa zai zare ta da filaya, a shafe sunan da fenti.

Milud ya yi dariya a gaban mutane ya ce ai bango ma zai huta. Amma ya kwana biyu yana ƙona karane. Wasa talatin da ɗaya, haƙora huɗu, kunnuwan da uwarsa har yau take kallo tana tsaki, duk za su tafi a bugun burushi ɗaya, a ɗakin da ya fi kowane ɗaki daraja a wurinsa. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

Saura mako uku wayarsa ta yi ƙara. Mimun ne, wanda yanzu fataucin takalma yake kaiwa Abidjan.

"Buhun wake, kana tsaye? Zauna."

"Ina da masu saye, faɗi."

"Na shiga wani gidan abinci cin kifi. Ka san me ke bango, a cikin gilashi? Ja, lamba uku, da laka. Na ce wa mai gidan nawa zai sayar, ya ce in ƙara faɗa ya jefa ni a tukunya. Ga shi nan yana hararata. Wallahi ya fi ka muni."

Mai gidan Zadi ne. Ya ƙi ba Mimun rigar, ya ƙi sa ta a gidan waya. Ya ce abin da aka ba shi hannu da hannu, hannu da hannu zai mayar. Milud ya aika masa da tikiti.

Ranar Alhamis ya je tarbarsa a filin jirgi, ya shirya roƙon da zai yi. Sai ga Zadi ya fito, kai ya yi furfura, murmushin nan yana nan, yana dogara sanda.

"Sannu da aiki, ɗan'uwa," in ji shi.

Suka rungume juna har sandar ta faɗi. A mota Milud ya yi ta kame-kame, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, gobe in tsohon ya tambaye ka, musaya kawai muka yi. Zancen ruftawar nan, ka bar shi."

"Wace ruftawa? Ni na manta."

"Allah ya saka. Sandar fa, haɗari ka yi?"

Zadi ya dubi taga. "Bayan ne. Tun ranar nan. Likita ya ce ƙashi biyu sun goce. Wasana na farko ke nan wa ƙasa, shi ne na ƙarshe." Ya yi dariya. "Kar ka ɓata fuska, kifi ya fi zari-ruga riba. Ina bin labarinka a jarida, ka sani. Duk sanda ka buga sai in ce wa matata, ga wuyana can yana aiki."

Har suka isa gida abu ɗaya ne a ran Milud. Ya tuna mutumin da ke cin abinci a tsaye.

Bayan sallar Juma'a ɗakin kulob ya cika har waje. Lalla Yamina da matan unguwa sun jera akusan kuskus. Si Buziyan yana zaune gaban bango cikin farar jallabiya, filaya ta leƙo daga aljihunsa. Zadi ya matso ya durƙusa gwargwadon yadda baya ya bari, ya ɗora masa ƙunshi a cinya. Tsohon ya kwance, ya shafa lambar da yatsa, ya kai hanci. Ya daɗe yana shaƙa.

"Kasablanka," in ji shi. "Kuma ba a wanke ba."

Ɗaki ya ɗauki sowa. Si Buziyan ya juya wajen Zadi. "Kai ne ɗan fashin?"

"Ni ne, Baba. A yafe min."

"Za a duba. Milud, zo ka rataya, kafin in mutu a nan."

Milud ya karɓi rigar. Taku uku ne tsakaninsa da ƙusa. Ya yi su, ya ɗaga hannu, sai ya tsaya. Ya juyo.

"Si Buziyan, ba fashi ya yi ba. Ni ne na sunkuyar da kai."

"Ka me?"

"Ƙasa da ƙugu. Da gangan, don in kunyata shi. Aka rufta a wuyana. Wannan mutumin ya tare da bayansa, shi ya sa yake tafiya da sanda, shi ya sa ni nake tafiya da ƙafata. Na ji kunyar faɗa maka ne."

Mimun kansa, karo na farko a rayuwarsa, bakinsa a buɗe yake ba magana. Si Buziyan ya miƙa hannu gefe.

"A ba ni jarida."

Aka ba shi. Ya naɗe ta a hankali, tsaf, yadda ya saba. Milud, mai shekara arba'in da huɗu, uban 'yan mata uku, ya duƙa ya kawo ƙeya. Fau!

"Wata guda ba wasa."

Dariya ta ɓarke, wasu har da riƙe ciki. Amma tsohon bai yi dariya ba. Ya ce Zadi ya matso, ya sa tafin hannu a bayansa, ya bi ƙashin a hankali daga wuya har ƙugu, ya tsaya inda ya goce. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

"Aminina ba wanda ya tare masa," in ji shi. "Shekara sittin ina cewa da ma akwai mutum ɗaya a filin nan." Ya karɓi jar rigar daga hannun Milud, wadda ya yi shekara ashirin da uku yana nema, ya danƙa ta a hannun Zadi ya rufe da nasa. "Taka ce, ɗana. Mayar da ita bangonka."

"To ƙusar fa, Si Buziyan?" in ji Mimun, da bakinsa ya dawo.

"Ina ta ruwan lemon?"

Milud ya zo da ita a leda, da niyyar mayar wa mai ita. Ta koɗe, wuyan ya saki, ga tabon mai a ciki. Si Buziyan ya shaƙa, ya yamutsa fuska.

"Wanki nawa aka yi wa wannan?"

"Duk Asabar," in ji Lalla Yamina daga bayan akushi. "In kana da magana, ka fara dawo min da kunnuwan ɗana."

"Yaji da hayaƙi take yi. To, ko ba komai warin Wujda ne." Ya miƙa wa Milud. "Da hannunka."

Milud ya rataya ta. Hannun da ya tura ƙartin ƙasashe goma sha biyu sai da ya gwada sau biyu kafin ya sami ƙusar. Si Buziyan ya zaro filaya daga aljihu ya ba sabon koci tare da guduma, ya ce a mayar wa mai gyaran keke, aro ya yi. Sannan aka ci kuskus, Zadi a kan kujera mai matashi biyu, Milud yana tura masa nama.

Yanzu in baƙo ya shiga ɗakin, tambayarsa ta canza. Yakan ce me ya kawo rigar ruwan lemo mai lamba ɗaya a kan sunan mai lamba uku. Mu ba ma amsawa, sai mu tura shi rumfar karane. Milud zai yanka masa, ya barbaɗa yaji, ya goge hannu a gaban riga, sannan ya fara daga inda ya sunkuyar da kai.